Kolum ɗin Kawu

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da karatun naki. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar nan tawa da take tuna min da kanta duk sanda na hau matakalar ofis. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko kina cin abinci, ko kwamfuta kaɗai kike ci. Yaya, mahaifiyarki, ta zo mana ranar hutu, ta nuna mana hotonki a waya. Na ce mata wannan ramar ba ta gidanmu ba ce. Sunan mahaifiyarmu aka sa miki, saboda haka ki riƙe min jikin uwata da kyau.

Kin ga na rubuto ban kira ba. A waya Innarki tana jin kowace kalma ko da tana kicin, ga shi kuma maganar ta ofis ce.

An kawo mana sabuwar manhaja ta haɗa rahoto, irin wadda ake zuba mata teburin alƙaluma ta fito da zane-zane masu launi. Kin san shekara da shekaru ina riƙe da sashen ƙididdiga na ofishin lafiya, tun muna aiki da rula da jan biro. Duk abin da aka tambaye ni, sai in ƙara kolum ɗaya a hannun dama, in cike shi layi-layi, in ja layi biyu a ƙasa. Ba a taɓa dawo min da aiki ba. Yanzu sabon Darakta ya ce yana son ganin rahoton allurar yara a kan allon ɗakin taro, asibiti-asibiti, ranar babban taronmu. Ya ƙara da cewa, yana murmushi, idan aikin ya yi wa sashena nauyi sai a mayar da sashen ƙarƙashin Injiniya, wani da aka ɗauko mana bara, mai ce min Baba. Maganar kujerata ake yi, kin dai gane.

To, akwai wani abokin aikina, dattijo ne, kunya ta hana shi tambayar kowa a nan. Yana da tebur, kowane layi rahoto ɗaya ne da wani asibiti ya aiko: yara nawa aka sa wa rana su dawo allura ta biyu, nawa kuma suka zo. Yana so ya ƙara kolum a dama da zai nuna kashi nawa cikin ɗari suka zo. Ina ake dannawa? Ki rubuto dalla-dalla, mutumin ba ya gani sosai.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna. Ina cin abinci, ramar ta hoto ce. Gwiwar nan ka daina raina ta, ka je a duba maka.

A tsaye nake rubutun nan, muna tsakiyar miƙa aikin ƙarshe. Abokin naka ya buɗe teburin, ya duba sama, akwai inda aka tanada don ƙara sabon kolum. Ya danna, ya ba shi suna, ya sa alamar daidai. Sai ya rubuta sunan kolum na waɗanda suka zo, alamar rabawa, sunan kolum na waɗanda aka sa wa rana, ya ninka da ɗari. Shi ke nan, zai cika kansa daga sama har ƙasa, ba sai da rula ba.

Ka gaishe min da abokin naka, ka ce ya canza gilashi. Naka ma na lura ya tsage ta gefen hagu, wataƙila a shago ɗaya kuka saya.

'Yarka.

*

Uwata,

Allah ya yi miki albarka. Muna lafiya, Innarki ta yi mura ta warke, gwiwa kuma mun yi sulhu da ita.

Abokin nan dai ni ne, kuma kin sani tun farko, marar kunya kawai. Na bi abin da kika rubuta, sai ga kolum ya cika tun kafin in ɗauke yatsana. Aikin da a da yake cinye min mako. Na daɗe zaune ina kallonsa, ban san ko murna zan yi ko haushi zan ji ba.

Da na ja shi na sa a zane, sai na ga wani asibiti ya samu dubu biyu da wani abu cikin ɗari. Na yi tsuru-tsuru. Ashe manhajar tara lambobin take yi. Da kaina, ba wanda ya nuna min, na gano inda ake ce mata ta ɗauki matsakaici, nan take komai ya zauna daidai. Injiniya ya leƙo ya ce, "Baba, ko in taimaka?" Na ce masa ya taimaki kansa.

Ga hoton allon nan na haɗo miki. Kusan kowa yana saman tamanin, kore shar. Ɗaya ne ja, ƙaramin asibitin nan na bayan tashar mota, hamsin da ɗan wani abu. Abin ya ba ni mamaki, don na san Sistar wurin, mace mai tsafta da kyan rubutu. Ita kaɗai ce take aiko mana layi kowace rana ta Allah, sauran sukan cusa mako guda a layi ɗaya don ƙiwuya. Ban zaci haka daga gare ta ba, amma abin da lissafi ya nuna ke nan.

Taro ya matso. Na ba da babbar rigata a goge.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya kai da Inna. Ka yafe min jinkiri, zazzaɓi ne ya kwantar da ni bayan miƙa aiki, sai yau na buɗe saƙonka. Na samu sauƙi, kada a gaya wa Mama.

Don Allah kada ka nuna zanen nan sai ka karanta wannan har ƙarshe. Akwai kuskure a ciki. Kada ka damu, kuskure ne da kowane ɗan koyo yake yi, ni ma na yi shi a shekarata ta farko.

Manhajar nan tana da hanya biyu ta yin lissafi. Ɗaya shi ne kolum, wanda ka yi. Shi layi-layi yake aiki. Tun sanda aka loda bayanai yake duba kowane layi shi kaɗai, ya rubuta amsa a gefensa, ya ajiye. Bai san layin sama ba, bai san na ƙasa ba. Ɗayan kuma ana ce masa ma'auni. Shi ba ya ajiye komai a tebur. Yana jira sai ka zaɓi abin da kake son gani, asibiti kaza ko wata kaza, sannan ya tattara duk layukan da ka zaɓa ya yi lissafin a lokacin. Kolum kamar takardar da aka liƙa wa kowane buhu ne, ma'auni kuwa sikeli ne, abin da ka ɗora masa shi yake aunawa.

Ga inda ya shafi Sista. A ce Litinin an sa wa yara goma sha takwas rana, duk sun zo. Kolum ɗinka ya rubuta ɗari. Talata an sa wa biyu, aka yi ruwa, ba wanda ya zo. Kolum ya rubuta sifili. Da ka ce a ɗauki matsakaici, sai manhajar ta haɗa ɗari da sifili ta raba biyu, ta ba ka hamsin. Ta ɗauki ranar yara biyu daidai da ranar yara sha takwas. Alhali yara ashirin aka sa wa rana, sha takwas suka zo, tasa'in ke nan cikin ɗari.

Ka ce ita kaɗai take aiko layi kullum. To ita kaɗai ce take da irin waɗannan ƙananan ranakun a teburinka. Masu cusa mako a layi ɗaya ƙiwuyarsu ce ta cece su. Ina jin tsoron jan nan ba nata ba ne.

Gyaran ba wuya. Kusa da inda ka danna akwai wurin sabon ma'auni. Ka ce masa ya tara duk waɗanda suka zo, ya tara duk waɗanda aka sa wa rana, sannan ya raba. A fara tarawa kafin a raba. Shi za ka sa a zanen. Kolum yana da amfaninsa, idan kana son yi wa kowane layi shaida, misali ranar mako ko rukunin shekarun yaro, don ka riƙa ware su. Amma kashi cikin ɗari aikin ma'auni ne.

Ka rubuto min abin da ya fito.

'Yarka.

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Shiru ya yi yawa. Na kira sau da dama, Inna ce take ɗauka, ta ce kana banɗaki, ko ka fita, ko ka kwanta. Ban san kana son banɗaki haka ba. Mama ta ce ta gan ka lafiyarka ƙalau, har an yabe ka a wurin aiki.

Na sake karanta abin da na aiko maka, ina neman inda na taka ka. In wata kalma ce ta fita ba daidai ba, ka yi haƙuri, kan zazzaɓi ne da gaggawa. Ka yi min faɗa ma na yarda, amma ka ce wani abu.

An yi taron? Ka canza zanen?

'Yarka.

*

Uwata,

Lafiyarmu ƙalau. Innarki tana gaishe ki, ta kuma ce ta gaji da yi min ƙarya a waya, daga yau in riƙa yin abata da kaina.

Saƙonki ya iso ana gobe taro, bayan la'asar, ina ofis. Na karanta har inda kika ce ɗan koyo, sai na rufe. Na ce yarinyar da na koya wa jadawalin sau a kan teburin cin abinci, tana kuka tana goge majina da hannun rigata, yau ita ce take kira na ɗan koyo. Sauran bayanin ban duba ba. Na ga dai lambobi sun yi yawa a ƙasa, na ce iyayi ne irin na 'yan jami'a. Yanzu na san lallashi kika yi nufi. A ranar zagi na ji, don kunnena zagi yake jira tun da aka kawo manhajar nan.

An yi taron. Na tsaya da babbar riga ina danna zane, asibitoci suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har tafi aka yi min. Injiniya ma ya tafa. Da aka zo kan jan, Darakta ya ce mai asibitin bayan tasha ta miƙe. Ta miƙe daga can baya, da farin kayanta. Ya ce, "Rabin yaranki ba sa dawowa. Me za ki ce?" Ta dubi allon, ta dube ni, ta ce, "Yallaɓai, ni a ganina suna zuwa. Amma tunda Malam ne ya lissafa, ba ni da ta cewa."

An cire ta daga asibitin, an kai wata Sistar. Ita kuma Darakta ya ce a dawo da ita hedikwata ta koyi riƙe bayanai a wurin gwani. Gwanin nan ni ne. An ajiye mata ƙaramin tebur a ofishina, kusa da kabad ɗin tsofaffin fayil, inda fanka ba ta kaiwa.

Kullum tana riga ni zuwa. Ta miƙe ta gaishe ni, ta tambayi gwiwa. Matar da take karɓar jarirai da hannunta, na ba ta aikin jera takardu, don ban san abin da zan koya mata ba. Wata safiya ta matso ta ce, "Malam, ka nuna min inda nake kuskure. Ina kwana ina tashi da tunanin yaran nan. Ina bin iyayensu a raina ɗaya-ɗaya, na kasa gano waɗanda na bari suka ɓace." Na ce mata sai an jima, ina da aiki.

Da ta fita salla na buɗe saƙonki, na karanta har ƙarshe. Na yi ma'aunin yadda kika ce, na sa shi a zanen. Jan ya tashi ya zama kore, ya wuce tasa'in. A duk asibitocinmu ɗaya ne kaɗai ya fi ta. Abin da ya fi ci min rai, da a takarda ne da ban yi wannan ba. Na san a ƙasan shafi ake tarawa kafin a raba, na yi shi sau ba adadi. Ganin kwamfuta ya sa na ajiye hankalina a ƙofa na shiga da girman kai kaɗai.

Na ji takunta tana dawowa, sai na yi sauri na mayar da tsohon zanen. Har yau ban gaya wa kowa ba, ko Innarki. Idan na faɗa, kin san inda sashena zai koma. Kunya nake ji, Uwata, irin wadda ban taɓa ji ba, har abinci ba ya min daɗi.

Kawunki.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Na ji daɗin ganin rubutunka, ko da yake abin da ke ciki ya hana ni sukuni.

Kada ka ɗauki kayan nan kai kaɗai, da nawa kason a ciki. Ka tambaye ni inda ake dannawa, na nuna maka inda ake dannawa, ina ta zolayarka da maganar gilashi. Tambaya ɗaya ya kamata in yi, me za a yi da kolum ɗin, ban yi ba. A nan ana ce min gwana. Matar da ban taɓa gani ba tana zaune bakin kabad saboda gaggawata, kuma kalmar da na zaɓa don in kwantar maka da hankali ita ce ta hana ka karanta gyaran. Duk sanda na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ba ni ce zan gaya maka abin da za ka yi ba, ban kai ba. Amma idan ka shiga wurin Darakta, ka tafi da zanen biyu gefe da gefe, da layukan Sista na mako ɗaya. Duk mai ido zai gani, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Ban gaya wa Mama komai ba. Inna kuwa ka gaya mata, ta riga ta san akwai wani abu.

'Yarka.

*

Uwata,

Muna lafiya. Na gaya wa Innarki. Da safe sai ta ajiye min rigar da na sa ranar taro a bakin gado, a goge.

Na shiga wurin Darakta da zanen biyu. Tun a matakala na riga na yi sallama da kujerata a raina, har na fara tunanin inda zan sa littattafaina a gida. Ya duba, ya sake dubawa, ya cire gilashi. Ya ce, "Wa ya sani ban da kai?"

Na ce, "'Yata, kuma tana nesa."

Ya ce, "To ka gyara shiru. Rahoton wata mai zuwa ya fito da sabon lissafin, kowa zai ga asibitin ya farfaɗo."

Na ce, "Yallaɓai, ai sai a ce sabuwar da aka kai ce ta gyara shi."

Ya ce, "A ce mana."

Na ce, "Sista fa?"

Ya ce takarda ta riga ta fita, shi ya sa hannu, kuma a gaban mutane ya yi magana. A bari ƙura ta lafa, zuwa ƙarshen shekara a gani. Daga nan ya rako ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata. Ya ce abin da Injiniya da duk takardunsa bai lura da shi ba, ni na gano, saboda haka maganar mayar da sashe ta mutu, kujerata tawa ce. Ban ce masa ke kika gano ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Na gode, Yallaɓai."

Darakta ya ce shiru, amma na kasa yi wa Sista shiru. Da na koma ofis na rufe ƙofa, na ce ta jawo kujerarta kusa da kwamfuta. Na nuna mata jan, na nuna mata koren. Na yi mata misalinki na yara sha takwas da yara biyu. Na ce ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, ni na yi, kuma an gargaɗe ni tun kafin taro na ƙi karantawa. Ban iya kallonta ba, allon nake kallo.

Ta ce in danna mata wata-wata. Na riƙa dannawa, ma'aunin yana sake lissafi, kowane wata yana fitowa kore. Ta sa yatsa a kan gilashin tana bi. Da muka kai ƙarshe ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ashe sun zo."

Na ce, "Sun zo."

Ta ce, "Alhamdu lillahi. Ashe yaran sun samu." Ta share ido da gefen mayafinta, sannan ta yi min godiya. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Ta mayar da kujerar bakin kabad, ta tattara takardun da take jerawa, ta daidaita bakinsu a kan tebur. Sai ta juyo ta ce, "To Malam, yaushe zan koma?"

Na ce mata ban sani ba.

Ta ce, "To." Ta ɗauki jakarta, ta ce a gaishe da gida.

Gobe da safe za ta riga ni zuwa, ta miƙe ta gaishe ni, ni kuma in zauna a kan kujerata in amsa.

Kawunki.